Gasar Ƙwallon Gida: Ta Yaya Za A Shawo Kan Masu Shakka?



Ina godiya ga wannan ƙungiya da ta ga ya dace a keɓe maraice guda don a tattauna maganar ƙwallon ƙafa. Na san akwai waɗanda za su ce jami'a ta fi ƙarfin zancen tamaula, ga matsalolin ƙasa jibge suna jiran masu ilmi. Amsata gare su ita ce, abin da ke tara dubban samari wuri guda kowane mako, yake cin kuɗin baitulmalin jihohi, kuma wasu ke ciyar da iyali da shi, ya wuce a kira shi wasan yara. Batun da aka ba ni shi ne: ta yaya za a shawo kan mutumin da ke son ƙwallo kamar ransa, amma ya juya wa gasar ƙasarsa baya?

Bari mu fara da sanin wannan mutum, don ba a ba da magani sai an san ciwo. Ba baƙo ba ne a gare mu, da yawanmu a ɗakin nan shi ne mu. Ranar Asabar yana gidan kallo tun kafin a tayar da janareta. Ya san 'yan wasan Arsenal ko Chelsea ko Real Madrid ɗaya bayan ɗaya, har da na benci, ya san nawa aka sayo kowa, ya san wanda ya ji rauni a gwiwa. In aka ci kulob ɗinsa, ko tuwon dare ba ya iya ci. Amma tambaye shi wa ya ɗauki gasar Nijeriya bara, sai ya yi murmushi ya ce ai shi ba ya kallon wannan. Abin da aka saba yi masa shi ne wa'azi: a ce ba shi da kishin ƙasa, a ce ya raina na gida. An daɗe ana wannan wa'azi, kujerun filayenmu da yawa kuwa har yanzu ƙura ce ke zama a kansu. Ni a ganina mutumin nan yana da hujja, kuma duk mai son ya komo da shi, tilas ya fara sauraron hujjar tasa.

Da Can Ba Haka Abin Yake Ba

Abu na farko da ya kamata mu tuna shi ne, wannan shakka ba gadonta muka yi ba. An fara gasar ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce kuwa ta fara cin ta. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka. A 1976 IICC Shooting Stars ta Badun ta ciwo wa Nijeriya kofin Afirka na kulob-kulob ɗin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu, shekara ta zagayo Rangers ta Inugu ta ciwo shi. A kan hanyarta ta cin kofin nan na 1977, sai da Rangers ta kara da Shooting Stars a zagayen kusa da na ƙarshe, kuma saboda zafin da abin ya ɗauka tsakanin magoya baya, hukuma ta ɗauke karawa ta biyu ta kai ta Kaduna. Ku duba fa, kulob biyu ne na gida, amma hankalin ƙasa duka yana kansu.

Ranar 22 ga Maris 1980, a Legas, Green Eagles ta ci Aljeriya 3-0, ta ɗauki Kofin Ƙasashen Afirka karo na farko. Segun Odegbami da ya ci biyu da Muda Lawal da ya ci ɗaya 'yan Shooting Stars ne, kyaftin Christian Chukwu kuwa ɗan Rangers ne. Watau mutumin da ya yanki tikiti a Badun ko Inugu ko Kano a wancan zamani, gwanayen ƙasar yake gani da idonsa, ba sai an ba shi labari ba.

To, me ya faru? Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko tattalin arziki. Daga 1986, da gwamnati ta shiga shirin nan na tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kamfanoni da bankunan da ke riƙe da kulob suka fara sakin su. Leventis United ta Badun ta ci gasar 1986, ba a daɗe ba aka rushe ta. Na biyu ƙaurar 'yan wasa. Stephen Keshi ya isa Beljiyam a 1986 ya buɗe ƙofa, Daniel Amokachi ya bar Ranchers Bees ta Kaduna ya bi sawunsa a 1990. Abin mamaki, a wannan shekara ta 1990 ce aka ƙaddamar da gasar ƙwararru, watau ta masu cin abinci da ƙwallo. An raɗa wa gasar suna daidai lokacin da gwanayenta ke ɗaure kaya. Na uku tauraron ɗan'adam. Da gidajen kallo suka yaɗu, sai ga Nwankwo Kanu a Arsenal daga 1999, ga Okocha a Bolton daga 2002, ga Mikel Obi a Chelsea daga 2006. Ɗan kallo ya bi 'ya'yansa inda suka tafi. Da ya isa can kuwa ya ga fili kore shar, ana take wasa a kan minti, alƙali ba ya waiwayen ƙofar gudu, sai ya nemi wuri ya zauna.

Hujjojin Mai Shakka

In ka zauna da shi ka bar shi ya faɗi cikinsa, za ka tarar ƙorafinsa bai wuce huɗu ba.

Na farko, wanda ya fi kowane girma, ya ce ya san yadda za a tashi tun kafin a busa. Mai gida zai ci, in bai ci da ƙafarsa ba a ba shi fanareti a minti na casa'in. Shekaru da dama cin wasa a waje abin labari ne a gasarmu. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. An yi zamanin da kulob mai masauki shi ke sauke alƙalan wasa, ya ciyar da su, ya biya su alawus, Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Daga baya hukumar gasa ta karɓi biyan alƙalai, amma tabon ya riga ya zauna. Sa'an nan a 2013 aka yi abin kunyar da duniya ta ji. A wasannin ƙananan kulob na neman hawa mataki, aka tashi wani wasa 79-0, wani kuma 67-0, a rana ɗaya, saboda kulob biyu na tseren yawan ƙwallaye. Ba a babbar gasa aka yi ba, kuma an hukunta masu laifin, amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Illar ta kai har nasarar da aka sha wuya aka samu ana yi mata kallon zargi. Kano Pillars ta yi wasa 202 a gida ba a ci ta ba, daga 2003 har watan Agusta 2015 da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2-1. Bakano yana faɗin wannan yana bugun ƙirji, na nesa kuwa yana ji yana taɓe baki. Ƙwallo duk daɗinsa yana ga rashin sanin ƙarshe. In aka cire wannan, abin da ya saura motsa jiki ne kurum.

Na biyu, ya ce yana tsoron lafiyarsa. Kowa a nan ya san yadda filinmu kan rikiɗe in baƙi suka rama ana dab da tashi: jifa da duwatsu da ruwan leda, tsallake shinge, bin alƙali da gudu, sa'an nan barkonon tsohuwa. A watan Oktoba 2025, bayan Shooting Stars ta rama a ƙarshen wasa a Filin Sani Abacha aka tashi 1-1, wasu 'yan kallo sun faɗa cikin fili, abin da ya jawo aka cire wa Pillars maki uku, aka kuma tura ta Katsina ta riƙa yin wasanninta na gida. 'Yan tsiraru ne suka yi ɓarnar, dubbai suka biya. Magidancin da ya ga haka, da wane ido zai ɗauki ɗansa ɗan shekara goma ya kai shi fili? Ɗan wasan ma bai tsira ba. A watan Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi ana cikin wasa a Lafiya, motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, ya rasu.

Na uku, ya ce babu tsari. An sha sa ranar fara gasa a ɗage. An sha canza ranar wasa ko filinsa ana saura kwana kaɗan. An yi kakanni da wasannin ba sa fitowa a talabijin sai jefi-jefi. Daɗin daɗawa, yawancin wasanninmu ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi ake yin su, daidai lokacin da ake manyan wasannin Ingila. Mai shago ne ya buɗe a ƙofar babbar kasuwa ranar da take ci, yana kuma mamakin rashin ciniki.

Na huɗu, ya ce 'yan wasa ba sa zama. Kafin ka riƙe sunan yaro ya tafi. Ba za ka ga laifinsa ba kuwa, don labarin 'yan wasa masu bin albashin watanni ba sabon labari ba ne a ƙasar nan. Saboda haka yaro yana samun kafa sai ya fice, ko da zuwa ƙasar da a da ba mu ɗauke ta a bakin komai ba a fagen ƙwallo. Son kulob kuwa da fuskoki yake kamawa. Yaron da ya tashi yana ganin Rabi'u Ali a rigar Pillars shekara da shekaru ya san abin da nake nufi. Irin su Rabi'u Ali nawa ne a gasar?

Tushen Ciwon

Jama'a, waɗannan ƙorafe-ƙorafe huɗu rassa ne, saiwarsu ɗaya. Ku tambayi kanku: wa ke da kulob-kulob ɗinmu? Kano Pillars, Katsina United, El-Kanemi Warriors, Wikki Tourists, Plateau United, Niger Tornadoes, Rangers, Enyimba, Shooting Stars, duk na gwamnatocin jihohi ne. Ya kamata a yi musu adalci: ba don jihohi sun tallabi ƙwallo ba lokacin da kamfanoni suka janye, da gasar ta daɗe da mutuwa. Amma mu dubi abin da wannan tsari ke haifarwa.

Kuɗin kulob daga kasafin jiha suke fitowa. Shugaban kulob gwamna ne ke naɗa shi, in gwamnati ta sauya shi ma ya sauya. Ko fili ya cika ko bai cika ba, kuɗin da za a saki ba za su ƙaru ko su ragu ba. Wani lokaci ma buɗe ƙofa ake yi kyauta. To shugaban nan wa zai faranta wa? Mutum ɗaya, wanda tambayarsa ɗaya ce: kun ci ko ba ku ci ba? Ba wanda zai kira shi ofis ya tambaye shi ko akwai bayan gida mai tsabta a filin, ko mata sun sami wurin zama, ko an take wasa a kan lokaci. Amma in aka ci shi a gida sau biyu a jere, kujerarsa ta fara rawa. Daga nan ake samun a ci ko ta halin ƙaƙa, daga nan matsin lamba ga alƙali ke fitowa, daga nan ake kau da kai ga 'yan dabar da ke kiran kansu magoya baya.

Ku kwatanta shi da mai shayin bakin ƙofar jami'ar nan. Ya san in ya ba ka shayi mai sanyi yau, gobe teburin maƙwabcinsa za ka zauna. Saboda haka yana wanke kofi, yana gaishe ka, ya san yawan sukarin da kake so. Ba wa'azi ne ya koya masa wannan ladabi ba, abincinsa ne ke hannunka. Kulob ɗinmu kuwa abincinsa ba ya hannun ɗan kallo, don haka ba ya yi masa ladabi, ɗan kallo kuma ya gane haka tun tuni. Wannan ita ce maganata a wannan maraice: ba za a shawo kan mai shakka ba sai ranar da kulob ya zama yana bukatarsa.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Kada mu ɗauka mu kaɗai wannan ciwo ya taɓa kamawa. Mu fara da Ingila, tun da ita ce kishiyar. Wanda ya buɗe ido ya ga gasar Firimiya zai zaci haka aka halicce ta. A shekarun 1980 filayen Ingila matattarar 'yan daba ne, mutumin kirki ba ya kai iyalinsa. A watan Mayu 1985 gobara ta kashe mutum 56 a filin Bradford. Kafin watan ya ƙare, mutum 39 suka mutu a filin Heysel na Beljiyam ranar wasan Liverpool da Juventus, aka kori kulob-kulob na Ingila daga gasannin Turai har shekara biyar. A 1989 turmutsitsin filin Hillsborough ya yi sanadin mutuwar mutum 97. Gwamnati ta naɗa Mai Shari'a Taylor ya yi bincike, rahotonsa na 1990 ya sa aka tilasta wa manyan kulob su ba kowane ɗan kallo kujerarsa, aka cire shingayen da ke tsare mutane kamar dabbobi a turke. Sai a 1992 aka kafa Firimiya, kuɗin talabijin suka kwararo. Ku lura da jerin: lafiya da mutuncin ɗan kallo ne suka fara zuwa, kuɗi suka biyo baya.

Amurka kuwa yanke ta so ta yi. A 1975 kulob ɗin Cosmos na New York ya sayo Pele, daga baya ya ƙaro Beckenbauer, har a 1977 mutum fiye da 77,000 suka shiga kallon wasa guda. Sauran kulob suka shiga tseren sayen tsofaffin taurari da kuɗin da ba su da shi, bayan kakar 1984 gasar ta mutu murus. Zanen aro ba ya rufe katara. Da suka kafa sabuwar gasa, MLS, a 1996, sai suka ƙara wani kuskuren. Don su burge waɗanda ba su damu da ƙwallo ba, suka taɓa dokokin wasan: suka hana tashi canjaras, suka sa agogo yana ƙirgawa baya. Masu son ƙwallo na gaske, waɗanda suka saba kallon Turai da Meziko, suka ga an raina musu hankali suka ƙi zuwa. Bayan kakar 1999 aka soke waɗannan ƙage-ƙage. Kulob suka fara gina filaye nasu na kansu daidai yawan jama'arsu, na farko a garin Columbus a 1999, suka kuma ware wa ƙungiyoyin magoya baya ɓangare su yi kiɗansu da tutocinsu. Duk da haka sai da aka rufe kulob biyu a 2002 saboda asara. Amma gasar da ta fara da kulob 10 ta kai 30 a 2025.

Darasin Japan ya fi kusa da ciwonmu. Kafin 1993 kulob-kulob ɗinsu na kamfanoni ne, irin su Nissan da Mitsubishi, kamar yadda namu suke na gwamnatoci, 'yan kallo kuwa ba su damu da su ba. Da za a fara gasar ƙwararru a 1993 da kulob 10, shugabanta Saburo Kawabuchi ya kafe a kan cewa kowane kulob sunan garinsa zai ɗauka, ya kuma yi wa garin aiki, ko da kamfani ne ke ba da kuɗi. Manyan masu kuɗi suka yi ta faɗa da shi, bai janye ba. Da ɗokin farko ya wuce, masu shiga kallo suka ragu daga wajen 19,000 a kowane wasa a 1994 zuwa wajen 10,000 a 1997. A 1998 kamfani ya janye daga kulob ɗin Yokohama Flugels aka narkar da shi cikin wani. Sai magoya bayansa suka tara kuɗi suka kafa nasu, Yokohama FC, wanda daga baya ya hau har mataki na ɗaya. Mutane ba sa yin haka sai a kan abin da suka ɗauka nasu ne. Gasar ta tsira, ta kai kulob 60 a mataki uku.

In wani ya ce waɗannan ƙasashe masu arziki ne, to ga Tanzaniya. 'Yan ƙasar suna kallon Firimiya kamar yadda muke kallo, amma ranar da Simba da Yanga za su kara a Darussalam, fili mai cin mutum 60,000 cika yake yi. Kulob biyun nan suna da 'yan ƙungiya masu kati, masu zaɓen shugabanni. A 2021 kamfanin Azam ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma ta nuna gasar a talabijin. Yanga ta kai wasan ƙarshe na kofi na biyu mafi girma na kulob-kulob ɗin Afirka a 2023, Simba ta kai a 2025.

Abin Yi

To, mu dawo gida. Abin farin ciki shi ne wutar ba ta mutu ba. Wanda ya taɓa ganin Ƙofar Mata ranar babban wasan Pillars ya san haka. A 2009 Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, bayan an yi 1-1 a Kano da 2-2 a Alƙahira. Enyimba ta ɗauki kofin nan a 2003 da 2004. A 2013 ɗan wasan gida ne, Sunday Mba, ya ci ƙwallon da ta ba Nijeriya Kofin Ƙasashen Afirka na uku. Ahmed Musa a Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2010 kafin duniya ta san shi, kuma a 2021 ya komo ya sake sa rigar. Gwanaye akwai su, masoya akwai su. Amana ce ta yi ƙaranci, kuma ga matakan da nake ganin za su maido da ita.

Na ɗaya, a tsare alƙali. A biya shi haƙƙinsa kafin ya bar gida, daga asusun da kulob ba shi da hannu a ciki. A ɗauki hoton kowane wasa tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya ci amana a kore shi a kuma bayyana dalili, wanda ya taɓa alƙali a kai shi kotu da sunansa, ko ɗan wane ne. Ranar da aka ci mai gida a gabansa, alƙali ya fito ya shiga mota ba ɗan sanda ko ɗaya, wannan rana ta fi tallar rediyo ta shekara guda.

Na biyu, a tsayar da jadawali tun farkon kaka kada a taɓa shi sai da babban dalili. A gyara fitilun filaye a riƙa wasan dare, ko a zaɓi ranakun da Turai ba ta wasa. Ba ragwanta ba ce ka kauce wa giwa a hanya.

Na uku, kuma shi ne jigo, a mayar da abincin kulob hannun jama'a sannu a hankali. A fito da katin zama ɗan ƙungiya da tikitin kaka guda, mai kati ya sami kujera mai lamba, ya kuma sami ƙuri'a wajen zaɓen wasu daga cikin shugabanni. Real Madrid da Barcelona da muke kwana muna musu a kansu, 'yan ƙungiya ne ke da su, su ke zaɓen shugaba. Gwamnati ta riƙe fili ta gyara shi, ta ba da tallafin da aka san adadinsa, ta sayar wa 'yan kasuwar gari da jama'a hannun jari. Kowace shekara a buga lissafin kuɗin ƙofa da na sayar da 'yan wasa kowa ya gani. Mai cewa kulob ba zai rayu ba sai da baitulmali, ya dubi Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun: ta ɗan kasuwa ce, tana da filinta da makarantar horar da yara, kuma ita ta ɗauki gasar a 2025.

Na huɗu, a ba ɗan wasa kwantiragi na gaskiya na shekara biyu ko uku, a biya shi ƙarshen wata kamar kowane ma'aikaci. In zai tafi waje ya tafi da daraja, kuɗinsa su shiga asusun kulob a raini wasu da su.

Na biyar, a daina ce wa mai shakka ya saki Arsenal. Ba kishiya muke so mu kora ba. Ya kalli nasa na Turai ranar Asabar, ya zo namu washegari. Akwai abin da gida ke ba shi wanda Landan ba za ta taɓa ba shi ba. Arsenal ba ta san da zamansa ba, ihunsa a gidan kallo bai wuce kwanon rufi ba. A filin garinsu kuwa mai tsaron gida yana jin muryarsa, mai lamba tara ɗan unguwarsu ne, ya san shagon babansa.

Yanzu gare ku, 'yan'uwa ma'aikata. Tun da jihohi ke da kulob, to ku ne ke riƙe da takardunsu. Fayil ɗin albashin 'yan wasa a teburin ɗayanku yake kwana, a Ma'aikatar Wasanni ko ta Kuɗi. Wanda ya riƙe shi mako uku, shi ne ya tura yaro ƙetare. Nan da 'yan shekaru wasunku za su zama daraktoci da manyan sakatarori. In shugaban kulob ya zo neman kuɗi, kada tambayarku ta tsaya ga an ci ko ba a ci ba. Ku tambaye shi mutum nawa suka biya suka shiga, ina rasit, an biya 'yan wasa, motar asibiti tana tashi? In aka canza tambaya, aiki ma zai canza.

Ku kuma ɗalibai, akwai aikin da ya fi ƙarfin kowa sai ku. Gasarmu ba ta da marubuta isassu. Masu koyon aikin jarida su je fili su rubuto rahoto da Hausa mai daɗi, su gwada sharhin wasa a rediyo da intanet. Masu lissafi su tara alƙaluman gasar. Masu tarihi su nemi tsofaffin 'yan Raccah Rovers da Mighty Jets da Ranchers Bees su ɗauki maganarsu tun suna da rai. Masu koyon lauya su karanta wa 'yan wasa kwantiragi kafin su sa hannu, masu koyon likita su ba da kansu a bakin fili. Wannan ƙungiya ta ɗauki mota guda ta kai ɗalibai kallo, maza da mata, su biya kuɗin ƙofa, su zauna wuri ɗaya, in an ci su tafa, in an ci su su tashi lafiya su tafi. Gani ya kori ji. Wanda ya ga ɗaliban jami'a a fili cikin natsuwa, mako mai zuwa zai zo da ƙanensa.

Shugaban taro, aikin nan ba na kaka ɗaya ba ne. Ingila ta kwashe shekaru tana gyara, Japan da Amurka sai da kowacce ta ga gasarta ta kusa durƙushewa kafin ta miƙe. Amma sannu ba ta hana zuwa. Mai shakka ba abokin gaba ba ne, masoyi ne da aka ɓata wa rai, kuma shi ya fi kowa sanin ƙwallo mai kyau in ya gan shi. A ba shi wasan da bai san ƙarshensa ba, da kujerar da zai zauna lafiya, da kulob ɗin da zai ce nasa ne, sa'an nan a ga ko zai zo ko ba zai zo ba.